Jere: Ɗakin Amarya Aikin Jama'a Ne



Da an gama girbi a ƙauyukanmu na Bichi, Ɗambatta da Dawakin Tofa, sai bukukuwan aure su kankama. Muna so mu yi magana a kan jere, domin akwai hikima a cikinsa, akwai kuma haɗari.

Jere ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kafin a kai amarya, gwaggo da inna da yayye da maƙwabta sukan taru a ɗakinta. A da sai an yi daɓe, an shafe bango da makuba, sannan a rataya ƙore a ragaya, a jera faifai da akushi da tasoshi. Daga baya kwalla da langa suka shigo, yau kuma ga kwaba da kuloli. Mata su zo ganin ɗaki, su taɓa, su tambaya, a ce musu, "Wannan ta kakarta ce, waccan gudunmawar innarta ce." Ta haka ɗaki yake faɗin asalin yarinya da yawan masu ƙaunarta. Wanda ya je gidan tarihi na Gidan Makama a Kano, ginin da asalinsa ya koma zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), zai ga an keɓe wuri domin ɗakin amarya irin na da.

Jere kuma ajiya ce. Kayan na mace ne, ba na miji ba. Idan ciwo ya zo, ko hatsi ya ƙare a tsakiyar damina, takan sayar da kwalla ɗaya ta rufa wa gida asiri.

Haɗarin shi ne gasa. Uba ya sayar da gero da kaka yana araha, ya dawo ya saya a watan Agusta da tsada. Wani har ya jinginar da gona, ga shi gonakinmu ƙanana ne.

Shawararmu: Zumuntar Mata ta kafa adashi tun da wuri. A gyara kayan gado a sa su gaba, kada a ji kunyarsu. Dattawan ikilisiya su ja kunnen dangin ango su daina ƙirga kwanuka. Kada a taɓa rumbu saboda idon mutane.

Ubangiji ya albarkaci gidajenmu. Amin.