Zubi da Salo a Waƙar "Maraba da Soja" ta Sa'adu Zungur

Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi wanda ya rasu a 1958, ya tsara wannan waƙa ne domin tarbar sojojinmu da suka komo daga Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945. Mai jin sunanta zai zaci yabon mazaje ne kurum. Lalle akwai yabon, amma ƙaramin jigo ne. Babban jigon shi ne irin zaman da ya kamata a yi bayan an ajiye bindiga.

Ta fuskar zubi, an ɗora waƙar bisa karin Ramal. Kowane ɗango ƙafa biyu gare shi, kowace ƙafa kuwa gaɓa huɗu: doguwa, gajera, sannan dogaye biyu. Gajartar ɗangon ta hana shi ɗaukar dogon bayani, sai dai magana guda yankakkiya. Wannan ne ya sa waƙar take da sauƙin hadda.

Inda ya fi cancanta mu tsaya shi ne baitocin da ya yi amsa-amo da "ci". Wani zai ce ai wannan amo arha gare shi, tun da Hausa cike take da sunaye masu wannan ɗafa-ƙeya. Haka ne. Amma a duba kalmomin da ya zaɓa: 'yanci da talauci, aminci, shugabanci da adalci. Kunne yana jin su amo ɗaya, hankali kuwa yana auna wace ke rushe wace, wace ke tallafar wace. Ya kuma riƙa buɗe ɗangogin da korewa, sa'an nan ya biyo da sharaɗi, har mai sauraro ya fahimci cewa tsayawar yaƙi daban, zaman lafiya daban. A ganina nan ne gwanintar take, ba a yabon sojan ba.

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba su bukatar sharhi a kan wannan sharaɗi. An yi sulhu da 'yan bindiga a Jihar Katsina a 2019, amma a Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Cikin abubuwan da Sa'adu ya ce suna hana aminci har da ƙullin da ke zuci, kuma bai ambaci makami a wannan jerin ba.