Keken fatsa: abin da za ka duba kafin ka miƙa kuɗinka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar kamun kifi za mu yi, amma ba ta kalli ko birgi ko mali ba, waɗannan sai masunta na gado. Maganar keken fatsa ce, wanda wasu ke ce wa ril, ɗan injin nan da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sandar fatsa, ka wurga ƙugiya nesa, ka juya hannu zare ya naɗo kansa. Samarin Dutse da dama sun fara sha'awarsa, galibi daga bidiyon YouTube da TikTok. Mutum zai tara kuɗin da ya sha wuya a kai, ya yi oda ta intanet ko ya aika Kano, ya ɗauki babur ya nufi dam ɗin Warwade, kafin wata biyu abin ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Daga nan sai ya ce ai kayan Turawa ba sa yi a ruwanmu. Suna yi. Zaɓen ne aka yi shi da ido, aka bi sheƙi da manyan lambobin da ke jikin kwali.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki. Duk wanda ya taɓa zama shagon tela ya san kwarkwaro, inda zare ke naɗe. Keken fatsa ma yana da nasa a gaba, kuma shi ba ya juyawa lokacin wurgi. Akwai wata lanƙwasasshiyar waya kamar mariƙin bokiti, idan ka buɗe ta ka wurga, zare sai ya riƙa zamewa ta bakin kwarkwaron. Idan ka rufe ta ka juya hannu, wayar ce ke zagaye kwarkwaro tana jera zaren. Kuma ba mamaki da ya yi kama da kayan saƙa: wanda ake jingina wa wannan salo, Alfred Illingworth, ɗan gidan masu masaƙa ne a Ingila, ya yi rajistar ƙirarsa a 1905. Bayan yaƙin duniya na biyu wani keke na Faransa mai suna Mitchell 300 ya baza salon a duniya. Shimano ɗin nan kuwa da kake gani a giyar kekunan hawa, su ne dai masu keken fatsa, kamfanin Japan ne da aka kafa a 1921.

To me ya sa ma za ka saya, alhali sandar gora da zare sun ciyar da gidaje tun kaka da kakanni? Nisa. Da gora, iyakarka tsawon sandar da ɗan zaren da ka ɗaura. Da keke za ka iya ajiye ƙugiya mita 30 ko 40 daga gaɓa kana tsaye a busasshiyar ƙasa, ba ka shiga ruwa ba balle ka kwaso tsargiya. Amma kar wani ya ruɗe ka cewa da shi za ka yi gogayya da mai mamari, wanda ke shimfiɗa ƙugiyoyi ɗaruruwa a dare ɗaya. Kifin miya ne da na suya, da hutun rai. Idan ka san haka, ba za ka ci bashi ka saye shi ba.

Girma shi ne tambayar farko. Za ka ga an rubuta 1000, 2500, 4000, 6000, har 10000. Ƙaramar lamba ƙaramin keke. Mu nan me muke kamawa? Karfasa da tarwaɗa su ne kan gaba, sai kurungu, sai bargi da ragon ruwa idan ka gangara kogin Haɗeja ta wajen Ringim. Mai 1000 ya ishi karfasa, amma ranar da tarwaɗa mai kilo uku ta ɗauka, kwarkwaronsa bai ɗaukar zare mai kauri da yawa, giyarsa kuma za ta wahala. Mai 7000 zuwa sama na teku ne, ko na masu farautar giwan ruwa a manyan tafkuna. Ka riƙe shi awa biyu kafaɗarka za ta ba ka labari. Ni dai idan keke ɗaya tal za ka mallaka a tsakiyar Jigawa, 3000 ko 4000 nake ba da shawara, a kan sanda mai tsawon mita 2.1 zuwa 2.7. Sai dai fa lambar ba doka ba ce, 4000 na wani kamfani kan yi daidai da 3000 na wani. Don haka ka duba jikin kwarkwaron, za ka ga rubutu kamar 0.30mm/150m, wato yana ɗaukar mita 150 na zare mai kaurin 0.30. Wanda ya kai haka ya ishe ka.

Yanzu ga inda nake so mu zauna sosai, birki. A saman kwarkwaro akwai wani murfi da ake murɗawa, ƙarƙashinsa akwai 'yan fayafayai da ke matse juna. Aikinsu shi ne idan kifi ya ja da ƙarfin da ya kusa tsinka zare, kwarkwaro ya saki zaren a hankali maimakon ya tsinke. Wannan ƙarar da kake ji a bidiyo, ziiiii, ita ce. Kuma a ganina wannan ne ya raba keken kirki da kwalliya. Tarwaɗa ba ta gudun tsere, nutsewa take yi ta nufi ƙasa, ta yi fizga, ta yi birgima. Idan birkinka mai cijewa ne, wato ya ƙi saki sannan ya saki gaba ɗaya, a daidai wannan cijewar zare ke tsinkewa ko ƙugiya ta yage bakin kifi. Ka yi zaman awa huɗu, kifi ɗaya ya zo, ya tafi da ƙugiyarka da dalmarka.

Gwajin ba wuya. Ka ce wa mai shago ya ba ka guntun zare, ka naɗa a kwarkwaro, ka ɗan matse murfin, ka ja da hannu a hankali. Zaren ya fito sumul, ba tsayawa ba zabura. Ka ƙara matsewa kaɗan, ka ji nauyin ya ƙaru kaɗan. Idan rabin murɗi ya kai ka daga sako-sako zuwa kulle, ajiye masa kayansa. Akwai masu birki a baya, ta gindin keken, suna da sauƙin taɓawa, amma na gaba fayafayansa sun fi faɗi kuma ya fi jure aiki. Na gaba zan ɗauka.

Saita shi kuma akwai ƙa'idar da masu fatsa suka daɗe a kai: birki ya fara saki a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. A ce kwalin zarenka ya ce kilo 6, to birki ya saki a kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba ka da sikeli? Ledar fiya wata ɗaya rabin kilo ce. Zuba uku ko huɗu a baƙar leda, ɗaura a bakin zare, ka ɗaga kai tsaye daga keken. Inda zare ya fara zamewa daidai lokacin da ledar ke barin ƙasa, nan ne wurin.

Wani zai ce ai a kwali an rubuta birkin na riƙe kilo 15. Ɗan'uwa, me za ka yi da kilo 15 da zaren kilo 6? Laushin sakin ake nema.

Haka zancen boris. Nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Za ka ga keke mai araha an buga masa 12+1, wani ma 14+1, ga na Daiwa ko Shimano ko Okuma da ya fi shi tsada an rubuta 3+1 ko 4+1, sai ka ɗauka ka yi dabara. Tambayi duk bakanike mai gyaran babur a Dutse, zai gaya maka boris ɗaya mai kyau ya fi tarin na banza. Boris huɗu ko biyar na ƙarfen da ba ya tsatsa, a wuraren da suka dace, sun wadatar. Shi wancan +1 ɗin shi ne mai hana hannu komawa baya, kuma shi ya kamata ka gwada: juya hannun gaba, ka tsaya, ka yi ƙoƙarin mayar da shi. Ya tsaya cak. Idan yana ɗan komawa kafin ya kama, duk sanda ka fizga don kafa ƙugiya wannan wasan zai cinye ƙarfin fizgar.

Lambar giya, irin 5.2:1, ma'anarta duk juyin hannu ɗaya wayar nan na zagaye kwarkwaro sau biyar da ɗan ɗori. Masu 6 zuwa sama sun fi sauri, ana son su wajen wurga kifin roba a jawo. Mu da yawancinmu tana ce da hanjin kaza da gara, a wurga a jira, 5 da 'yan kai ta fi ƙarfin ja. Kar ka ɓata lokaci a nan.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ciyawa. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta canza, ya zama akwai ruwa a wurare da dama rani da damina, kachalla ta samu wurin zama. Duk wanda ya bi ta Miga, Auyo zuwa Haɗeja ya ga yadda ta cinye bakin ruwa. Ga mai fatsa, ma'anar wannan ita ce kifi na da mafaka taku kaɗan daga inda ya ɗauki ƙugiya, kuma can zai nufa. A irin wannan wuri dole ka ɗan ƙara matse birki, ka yi amfani da zare mai kauri, 0.35 ko 0.40, ka juyo kan kifin tun da wuri. Nan ne jikin keke ke nuna kansa. Riƙe ƙafar keken, inda ake ɗaura shi a sanda, ka ɗan murɗa jikin da ɗaya hannun. Idan yana lanƙwasa kamar robar bokiti, to a ƙarƙashin nauyi haƙoran giya za su goce wa juna, su cinye. Jikin roba mai tauri na kamfanin kirki ba laifi. Kwarkwaro dai ya zama na alminiyom, kuma ka shafa bakinsa da yatsa, ko ƙaramin kaushi ka ji zai riƙa cin zare a kowane wurgi.

Zare kuwa, sabon shiga ya fara da na roba, wato nailon. Yana da araha, yana ɗan miƙewa ya yafe maka kuskure, yana jure gogar dutse da itace. Mai kitso ya fi ƙarfi a siriri kuma yana yanka ciyawa, amma da tsada, yana yanka yatsa, kuma a keke mai arha da ba ya jera zare daidai sai ya cukurkuɗe. Wajen cikawa ka bar kamar milimita 2 tsakanin zare da bakin kwarkwaro. Ka cika fiye da haka ya zubo a dunƙule, ka rage da yawa wurginka ya gajarta. Rana tana kashe nailon, ga zafin watan Afrilu a nan ba sai na faɗa ba, don haka kar a bar shi a kan rufin ɗaki ko bayan mota.

Akwai wata 'yar taya a jikin wayar nan, inda zare ke bi. Mutane ba sa kula ta. Taɓa ta da tsinke ka ga tana juyawa. Idan ta ƙage, zare zai riƙa murɗewa har ya sassaƙa mata rami. Ka buɗe wayar ka rufe sau goma, ka ji tana kamawa da ƙarfi, don sifirin ɗinta ne ke fara mutuwa a kekuna masu arha. Kuma ka saba rufe ta da hannu bayan wurgi.

Maganar jabu. Ana buga sunan manyan kamfanoni a kan kayan da ba nasu ba, wani lokaci a canza harafi ɗaya. Idan farashin ya yi daɗi fiye da kima, ka san dalili. Kuma ka tuna a nan ba mu da shagon kayan gyaransa, idan sifirin ya karye sai dai dabarar mai gyaran agogo ko keken ɗinki. Saboda haka ni na fi son ƙaramin samfuri na asali daga kamfanin da aka sani, ko na hannu mai lafiya da ka gwada da kanka, a kan sabo dal mai walƙiya da ba a san uban gidansa ba. In oda za ka yi, nemi bidiyon ainihin wanda za a turo maka, a juya shi, a ja birkin kana gani. In ya zo da kwarkwaro na biyu, riba ce: ɗaya siririn zare na karfasa, ɗaya mai kauri na tarwaɗa. Bahago kuma ya kwantar da hankalinsa, kusan dukkansu ana kwance hannun a mayar ɗaya gefen.

Kasafinka kar ya ƙare a keke. Ka ware na sanda, zare, ƙugiyoyi da dalma, da ɗan abin juyi da ke hana zare murɗewa. In kana zuwa inda ake samun tsage, ka sa guntuwar waya kafin ƙugiya, haƙoransa ba sa barin nailon.

Mu ba gishirin teku ke kashe mana keke ba, yashi ne da ƙurar hunturu. Kar ka ajiye shi a ƙasa, sari reshe mai baki biyu ka kafa, ka ɗora sandar. Idan za ka bar ta kana jira, sassauta birki, don tarwaɗa na iya janye sanda da keke gaba ɗaya cikin ruwa. In ka dawo gida goge shi da tsumma mai ɗan danshi, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a 'yar tayar nan da hannu, giris kaɗan a giya sau ɗaya a shekara, ka kwance birkin kafin ka ajiye don kar fayafayan su danne. A kan babur kuma sa shi cikin tsohuwar safa, sannan cikin jaka. Idan kifi na jan zare birki na kuka, daina juya hannu, jira ya tsaya, in ba haka ba kana murɗe zarenka ne kawai.

Na ƙarshe, ruwa yana da masu shi. Ko Warwade ka je ko bakin kogi, nemi Sarkin Ruwa ko masuntan wurin ku gaisa, ka tambayi inda aka yarda a yi fatsa da inda suka shimfiɗa kalli, kar ƙugiyarka ta yaga wa mutum abin neman abincinsa. Su ne kuma za su nuna maka inda rami yake da inda gaɓa ke zaftarewa da damina. Ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki kafin ka wurga, sandar kabon tana ɗaukar wuta.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna kan ƙugiya, lambobinta da irin ƙullin da ba ya kwancewa. Mu kwana nan, sai mun haɗu.