Me Ya Sa Faifan Silikon Ya Tsaya a Milimita 300?

Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa wayar hannu ba ɗai-ɗai ake ƙera ta ba. Ɗaruruwa ake bugawa a kan faifai guda na silikon, sannan a yayyanka. Lissafin masu masana'antar irin na mai tuyar masa ne: tanda mai gurabe da yawa ta fi riba, tunda wutar ɗaya ce.

Da wannan lissafi ne, a farkon shekarun 2000, manyan kamfanoni irin su Intel da Samsung da TSMC na Taiwan suka tashi daga faifai mai faɗin milimita 200 zuwa mai 300. Faɗin ya ƙaru da rabi, filin bugawa kuwa ya ninka fiye da sau biyu. Sai da aka gina sababbin masana'antu, inda akwatuna masu ɗauke da faifai 25 ke zirga-zirga a kan layin dogo da aka kafa a rufin ɗaki, ba mai taɓa su da hannu. Kuɗi ya shiga, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sai aka so a maimaita. A 2011 kamfanoni biyar suka haɗa kai a Albany ta jihar New York don gwada faifai mai milimita 450, amma shirin ya watse bayan 'yan shekaru. Dalili kuwa, injin da ke zana hanyoyin lantarki a kan faifai gurbi-gurbi yake bi, don haka girman faifai bai rage masa aiki ba. Ga shi kuma shi ne mafi tsada a masana'antar. Masu ƙera injuna suka ƙi zuba dukiya a abin da masu sayensa ba su cika yatsun hannu ba, kuma da wuya a ga laifinsu.

Kamfanin ASML na ƙasar Holan shi kaɗai ke ƙera injin zanen na zamani da ake kira EUV. A cikinsa ana harbin ɗigon narkakkiyar kuza da hasken leza sau 50,000 a daƙiƙa ɗaya, a samu wani haske da madubai ƙirar Zeiss ta Jamus ke kai wa kan faifai. Farashin injin guda ɗaya ya haura dala miliyan 150, sabon samfurinsa kuwa ya wuce miliyan 350.

Abin damuwar shi ne yadda wannan tsada ta kore kusan kowa daga fage. A 2018 GlobalFoundries ya janye daga tseren ƙera ƙwaƙwalwa mafi ci gaba, aka bar TSMC da Samsung da Intel. Tsofaffin masana'antu masu milimita 200 kuwa ba su mutu ba. Da yawa daga cikin ƙwaƙwalen da ake sa wa motoci daga can suke fitowa, kuma ƙarancinsu a 2021 ya sa Toyota da Ford da Volkswagen suka rage ƙera motoci.