Laimar Kwaɗi Mai Sa Gane-gane

A tsaunukan Oaxaca, kudancin Meziko, ƙabilar Mazatek sun daɗe da sanin wata 'yar laimar kwaɗi mai ruwan ƙasa, wadda ake ci da dare wurin neman waraka. A 1955 wata mai magani, María Sabina, ta yarda wani ma'aikacin banki ɗan Amurka, Gordon Wasson, ya shiga irin wannan zama. Ya buga labarin a mujallar Life a 1957, kuma a 1958 Albert Hofmann ya tace sinadarin da ke cikinta a Suwizalan, aka sa masa suna silosaibin.

Idan ya shiga ciki, jiki kan mai da shi silosin, wanda ƙirarsa ta yi kama da sirotonin, ɗaya daga cikin 'yan aiken ƙwaƙwalwa. Sai ƙwaƙwalwa ta karɓi baƙo a matsayin ɗan gida. Cikin minti 20 zuwa 40 ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ga tashin zuciya. Bango ya yi kamar yana numfashi, minti guda ya zama kamar wuni. Wanda ya taɓa ganin wanda zaƙami ya buga zai gane yanayin, ko da yake gubar ba iri ɗaya ba ce. Abin kan lafa bayan awa 4 zuwa 6. Da wuya silosaibin shi kaɗai ya yi kisa, amma firgita kan sa mutum ya faɗo daga bene ko ya afka titi, kuma wanda ake da taɓin hankali a danginsu na iya tayar wa kansa ciwon da ke kwance.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kuskuren tsinka. Akwai wata mai suna Galerina, ita ma ƙarama, ruwan ƙasa, mai ɗauke da gubar amatoksin. Ita ba ta sa gane-gane. Mutum ya ci, ya kwana lafiya, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su ɓarke. Daga nan ya ji sauƙi, 'yan uwa su ce alhamdulillahi, alhali hanta ce ke mutuwa a ɓoye. Bayan kwana 3 zuwa 5 ido ya yi shawara. Dafuwa ba ta kashe wannan guba, shanya ma haka. Duk wanda ya ci laimar da bai sani ba a kai shi asibiti a ranar, a riƙe ragowar don likita ya gani.