Zaman ƴan jami'a a Damagaram: abin da iyaye ya kamata su sani

Manoma da makiyaya na Guna da kewaye, ga labarin wurin da ƴaƴanku suke zuwa in sun gama lise.

Kafin yaro ya kai jami'a sai ya yi shekara 13 a lakwal: 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. Sannan ya ci jarrabawar da ake kira bak. A da, wanda ya ci sai ya tafi Yamai, tafiyar kilomita wajen 900. Sai a shekara ba a ga idonsa ba. A 2010 gwamnati ta kafa jami'a a birnin Damagaram. Yanzu sunanta Jami'ar André Salifou. Shi wannan malami haifaffen Damagaram ne. Ya rubuta tarihin sarautar ƙasar da wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimun. Ya rasu a 2022.

A cikin jami'ar akwai masu koyon likitanci da masu koyon aikin malanta. Akwai masu nazarin ƙasa da ruwa da zaman jama'a. Takardar farko, wadda ake kira lisansi, shekara 3 ake yi kafin a same ta.

To amma yaya zaman yake?

Mutanen ƙauye da dama suna zaton ɗan jami'a ya riga ya zama ma'aikaci. Ba haka ba ne, ba shi da albashi. Wasu ɗalibai gwamnati tana ba su kuɗin tallafi, wato burus, duk wata uku. Ba kowa ke samu ba. Wanda ya samu ma, sau da yawa kuɗin su kan makara. A wannan tsakani da me yaro zai ci? Da me zai biya kofen takardun darasi?

Akwai ma'aikatar da ke kula da kwana da abinci da motar ɗalibai. Ana sayen tikiti da araha, a bi layi, a karɓi abinci. Ɗakunan kwana kuwa sun yi kaɗan. Wanda ya samu gado ya kan raba shi da ɗan garinsu. Sauran su haɗa kuɗi su kama haya a cikin gari, ko su sauka gidan dangi. Ga ƙarancin ruwa na Damagaram, wanda kowa ya sani. Da bazara ɗalibi ya kan sayi ruwa wurin ƴan garuwa kafin ya yi wanka ya tafi aji. Ƴan mata sun fi shan wuya, don ba kowane gida iyaye za su yarda su sauka ba.

In burus ya daɗe bai zo ba, ɗalibai su kan tafi yajin aiki. Ƙungiyarsu ta ƙasa, USN, tun 1960 take. Yaji ya kan ja shekarar karatu ta shiga cikin damina. Uba yana jiran hannu a gona, yaro yana zaune yana jiran jarrabawa. Nan ne ake samun saɓani. Wani uban sai ya ce lalaci ne, ya aika a kira shi gida. Alhali in yaro ya rasa jarrabawa, shekarar na iya tafiya a banza.

Guna ba nisa da birni. Ranar kasuwa ana iya ba mai mota tiya biyu ta hatsi, da ɗan wake da kuka da daddawa, a kai wa yaro. Ɗalibai huɗu masu tukunya ɗaya za su yi kwanaki suna ci. In an sallame su hutu kuwa, ga gona tana jira.