Yadda Ake Datse Shingen Lalle Da Kula Da Shi A Kiru Da Kewaye

A ƙananan hukumomin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, manoma sun daɗe suna kewaye gonaki da lambuna da itatuwa masu rai, musamman lalle da bini-da-zugu. Irin wannan shinge yana nuna iyakar gona, yana rage ƙarfin iska, yana kuma tare dabbobi. Amfaninsa ya fi bayyana da rani, lokacin da ake sakin dabbobi alhali masu lambu, kamar na kewayen madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, suna tsaka da aiki.

Sai dai lallen da aka bari ba datsa yakan miƙe ya zama bishiya, gindinsa ya buɗe, awaki su sami hanyar shiga. Daga nan ɓarna ke farawa, wadda kan kai maƙwabta gaban mai unguwa ko dagaci. Don haka muke jawo hankalin jama'a ga waɗannan matakai.

Lokacin Datsa

Muna ba da shawarar a datse shinge sau 2 a shekara. Na farko a ƙarshen bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, domin ruwan farko ya fito da sabon toho. Na biyu da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Ganyen da aka samu a wannan karo a shanya shi a inuwa, domin mata su daka don ƙunshi ko a kai kasuwa.

Yadda Ake Datsawa

A wasa adda ko almakashi sosai, domin dakusasshen ƙarfe yana farfasa reshe, ya buɗe wa gara da ruɓa ƙofa. Sabon dashe a sare kansa a bar kimanin santimita 30, domin ya yi rassa tun daga ƙasa. Babban shinge kuwa a tsayar da shi daidai ƙirjin mutum. A bar gindi da faɗi, a tsuke sama, yadda hasken rana zai kai ga rassan ƙasa. Idan sama ta fi faɗi, inuwarta ce ke kashe su.

Tsohon shingen da ya yi giɓi a sare shi daidai gwiwa kafin faɗuwar damina, a zuba takin gida, a cike giɓin da sabon dashe. A kare shi da ƙaya har ya yi ƙarfi.

Abin Lura

Da hunturu a share busasshiyar ciyawa daga gindin shinge saboda gobarar daji. 'Ya'yan bini-da-zugu suna da guba, a hana yara cin su, a kuma kiyaye ido daga ruwansa yayin datsa.

Kira Ga Shugabanni

Muna roƙon dagatai, masu unguwanni da jami'an gona na ƙananan hukumomi da su tabbatar ba a dasa shinge cikin burtali ko hanyar mashaya ba. Shingen da ke kan iyaka kuma kada a sare shi sai da sanin maƙwabci. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na hukumar KNARDA da ke yankinsa.