Layin Gida, Layin Can ko eSIM: Lissafin Matafiyi Ya Canza

A da, alhaji in ya sauka Jidda babban burinsa shi ne ya sami waya ya shaida wa gida an sauka lafiya. Yanzu kira ya zama ƙaramin abu. Izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake nemansa, motar haya ta Uber ko Careem ake kiranta, hanyar komawa masauki kuma taswirar waya ke nunawa. Ɗan kasuwar da ya je Guangzhou saro kaya zai tarar ko ruwan sha da Alipay ko WeChat ake biya. Shi ya sa data ta shiga sahun guzuri, kusa da fasfo da biza.

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya bar layinsa na gida ya ci gaba da aiki a can, abin da ake kira romin. Ita ce kuma mafi cin kuɗi, domin kamfanin gida da kuɗin waje yake biyan kamfanin da ya ara masa sabis. Da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024, romin ya zama abin da mai hankali ke taɓawa da taka-tsantsan. Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashenta tun 2017. ECOWAS ma ta amince da irin wannan tsari a shekarar, amma sai 2023 Ghana da Kwaddibuwa suka fara aiki da shi a tsakaninsu. Fataken da ke bi ta Jibiya zuwa Maraɗi ba su jira kowa ba: layi biyu suke riƙewa, da an tsallaka a sauya.

Wannan tsada ce ta buɗe wa eSIM ƙofa. Layi ne da ba a riƙe shi a hannu. An gina shi cikin wayar, sai a ɗauki hoton wata lamba ko a sauke manhaja ya fara aiki. Apple ya sa shi a iPhone tun 2018, a 2022 kuma ya fitar da iPhone 14 na kasuwar Amurka babu ramin sa layi kwata-kwata. Kamfanoni irin su Airalo da Holafly suka shigo suna sayar da datar ƙasashe da dama, mutum ya saya yana zaune a Kano, jirgi na sauka ya kunna. Babu bin dogon layi a filin jirgi, babu miƙa fasfo da dangwala yatsa kamar yadda ake yi kafin a sayi layin STC, Mobily ko Zain a Saudiyya. Kamfanonin gida ma sukan fitar da rangwamen romin na musamman lokacin aikin Hajji.

Sai dai wa ke cin moriyar? Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a, Tecno da Infinix da itel, akasarinsu ba sa ɗaukar eSIM. Ko iPhone ɗin ma sai an duba: yawancin waɗanda aka yi wa kasuwar Sin ramin layi biyu gare su, babu eSIM, wasu na hannu da ake kawowa daga Amurka kuma a kulle suke da kamfani guda. Ga batun biya. Da dala ake sayen datar, alhali bankunan Najeriya da dama sun dakatar da amfani da katin naira a waje daga 2022, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Ma'ana, sauƙin ya fi kai wa ga wanda dama yake da hali. Dattijuwar da ta yi shekaru tana tara kuɗin kujera, jikanta ne zai saita mata waya, in abin ya tsaya a Mina kuwa babu shagon da za ta je ta kai kuka.

Akwai kuma abin da talla ba ta faɗa. Yawancin eSIM na matafiya data ce zalla, babu lambar da direba ko mai masauki zai kira. Sau da yawa datar sai ta zagaya ta wata ƙasa mai nisa kafin ta dawo, abin da ke jawo jinkiri a kiran bidiyo.

Abin mamaki, wannan zagayen shi ne riba a ƙasar Sin. Layin da aka saya a can ba ya buɗe WhatsApp, Google ko Facebook, amma layin waje da ke romin yakan buɗe su, tunda ta ƙasar da ya fito yake shiga intanet. A Dubai kuwa an toshe kiran WhatsApp a layukan ƙasar, sai manhajoji masu izini irin su Botim. Wasu gwamnatoci ba sa jin daɗin layin da ba su yi wa rajista ba: a farkon 2024 Indiya ta sa an cire Airalo da Holafly daga rumbunan manhajojin Google da Apple na ƙasar. Wanda ya bari sai ya isa irin waɗannan wurare kafin ya saya, yana iya tarar da ƙofa a rufe.

Hukuncin dai ya danganta da inda aka nufa da tsawon zama. Mahajjacin da zai yi wata guda, layin Saudiyya ya fi masa araha da kwanciyar hankali, ga lamba ga shagon gyara. Mai kwana biyar a Guangzhou ko Dubai, eSIM ya fi masa. Dukkansu kada su cire layin gida, domin ta nan banki ke turo lambar tabbatarwa. A kashe masa data kawai, a bar shi yana karɓar saƙo. Mai son sanin ko wayarsa na ɗaukar eSIM ya danna *#06# tun yana gida: in lambar EID ta fito, tana ɗauka.